Kukar Japan a Butata

A bayan wani shagon kayan abinci a Harlem, ɗan nesa kaɗan da titin 125, akwai lungu tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen manja, inda tsofaffi kaɗan za su iya zama in kowa ya tattara ƙafafunsa. Nan ce fadarmu. Mu mutanen Nijar haka muke kiran wurin zaman hira, ko da babu sarki a ciki. Mai shagon ɗan Damagaram ne, a haife na haife shi, shi ya ba mu lungun da ɗan risho na lantarki. Buta kuwa tawa ce, da ita na zo daga Maraɗi, shuɗiya, gindinta ya yi baƙi.

Ni ban yi boko ba sai abin da ba a rasa ba. Huluna da bel da turare na sayar a tebur a bakin titi har ƙarfina ya ƙare, ban tara abin nunawa ba. Abu ɗaya na iya a duniya, shi ne shayi. Kuma shayinmu ba ya son gaggawa: a dafa na farko mai ɗaci, a dafa na biyu da na'ana'a, a dafa na uku mai zaƙi, tsakanin kowanne ana jira. Mai jiran shayi dole ya saurari mai dafawa, ni kuwa Allah ya hore mini baki. Daga la'asar zuwa magariba ni ke magana a lungun nan, in ɗaga buta sama in tsiyayo siririn shayi cikin ɗan kofi, in juya, in sake juyawa, har kumfa ta hau ta zauna kamar hula. A gida ba a tambayata komai, a titi ba wanda ya san ni. A lungun nan kaɗai ake cewa, “Ku yi shiru, Baba na magana.”

Cikin masu zuwa akwai wani tsohon direban tasi, ɗan zangon Kumasi. Shekara da shekaru yana shan shayina, bai taɓa cewa ya yi daɗi ba. Kullum sai ya shanye sannan ya ce sukari ya yi yawa. Labarinsa bai wuce cunkoson gada da fasinjan da ya yi masa amai a mota ba, in ya fara sai kowa ya tuna yana da waya a aljihu. Ban taɓa jin tsoronsa ba.

Sai 'yarsa, wadda ke aikin nas a Brooklyn, ta ɗauke shi hutu zuwa Japan.

Ranar da ya dawo fada ko zama bai gama yi ba ya zaro waya. Ni a lokacin ina tsakiyar wani labari mai kyau, na kai daidai inda ake dariya.

“Ɗan Maraɗi,” ya ce da ni, “ka taɓa ganin barewa ta rusuna ta gaida mutum?”

“Na ga barewa a tukunya,” na ce.

Ba wanda ya yi dariya, duk sun rufu a kan wayar. Ga shi nan kuwa a wani gari da barewa ke yawo cikin mutane kamar awaki, ya miƙa mata biskit, ta sunkuyar da kai, shi ma ya sunkuyar. Tela, wani Bakano da ke da keken ɗinki a shagon da ke maƙwabtaka da mu, ya ce a maimaita. Aka maimaita har shayina ya huce a tire.

Daga ranar muka shiga uku. Aka sa masa suna Alhajin Japan, ya amsa. Ya nuna mana wata mararraba a Tokyo inda jama'a ke tsallakawa ta kowace kusurwa a lokaci guda, ba wanda ke bangaje wani. Ya nuna jirgin ƙasa mai dogon hanci kamar agwagwa, ya ce a cikinsa ya hango dutsensu mai farin kai ta taga. Ya nuna jajayen ƙofofi jere bisa tudu a Kyoto, ya ce ya hau har ƙarshe, abin da na san ƙarya ce, don mutumin nan matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa ma sai ya huta a tsakiya. Ya ce titinsu babu kwandon shara kuma babu shara, kowa da tasa yake komawa gida. Ya ce a bakin hanya akwai injin da ke ba ka shayi mai zafi a gwangwani.

“Inji,” na ce. “Kuma yana ba da labari?”

“Gara shi, ba ya maimaitawa,” ya ce.

Wannan ta shige ni, ban nuna ba.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ban-ɗakinsu. Wai mazaunin da ɗumi, ka danna maɓalli ruwa ya fito ya yi maka tsarki, ba ka bukatar ɗaukar butar alwala. Dattawa masu furfura suka riƙe baki suna salati. Na ce ƙasar da sai na'ura ta yi wa dattijo tsarki ba ƙasar da zan yi alfahari da zuwanta ba ce. Tela ya ce shi dai in ana sayarwa a nan yana so.

Sai abinci. Ya ce ka zauna, farantai na wucewa a gabanka da kansu kamar akwatuna a filin jirgi, ka ɗauki wanda ka ga dama. A kan kowanne curin shinkafa ne da yankan kifi.

“Soyayye ko gasasshe?” in ji mai shago.

“Ɗanye.”

“Ɗanye!” na ce. “Jama'a kun ji? Mutanen da suka iya ƙera mota sun kasa hura wuta. Alhaji, ka tsallake teku ka je ka ci abin da kyanwa ke sata.”

“Ba ka da wayewa, ɗan Maraɗi. Kifi ne fresh, ko ƙarni babu. Akwai wani koren yaji da ake shafawa, ba a harshe yake kamawa ba, hanci yake bi ya hau ƙwaƙwalwa. Da ka samu ko kaɗan, da ya buɗe maka taka.”

A nan suka yi dariya. Dariyar da ni nake sa su yi, ita suka yi a kaina, a lunguna, da kofunana a hannunsu.

Duk wannan da sauƙi, hoto ne, hoto kuwa yana ƙarewa. Ina lissafin in ya gama nuna su zai koma labarin gada. Sai wata rana ya shigo da jaka, ya fito da ɗan gwangwani, da wani kasko na yumɓu, da ɗan cokalin gora, da wani abu kamar maburgi da aka tsattsaga bakinsa ya zama tsintsiya. Ya buɗe gwangwanin. Kore shar, gari mai laushi.

“Kuka ce,” na ce. “Ka je Japan ka sayo kuka. Da ka tambaya, ga ta can a kanta ta biyu.”

“Shayi ne. Ganyen suke niƙawa. Sauke butarka, ina son ruwan zafi.”

Ban sauke ba, mai shago ne ya sauke ta da hannunsa yana cewa, “Baba, yi haƙuri, minti kaɗan.” Aka tafasa ruwa a wata tukunya. Alhajin ya ce a bar shi ya ɗan huce, wai tafasasshe yana ƙona garin. Ya ɗebi kaɗan a bakin cokali, ya zuba ruwa, ya kama ɗan maburgin nan ya kaɗa, shaf-shaf-shaf. Kafin in gama gyara zama kumfa ta rufe kaskon.

Zan faɗi gaskiya a nan, don babu amfanin ɓoyewa. Kumfa ce mai kyau. Ƙanana ce, a haɗe, ba ta fashewa. Irin wadda nake shan wahalar juye-juye kafin in samu, kafaɗata na ciwo, ita wannan direban ya tayar da tsintsiya kafin a ce amin.

“A can ba a surutu in ana shan shayi,” ya ce yana miƙa wa tela kaskon. “Hannu biyu za ka sa. Ka juya shi kaɗan. Ka sha shiru.”

Mutumin da tun da ya sauka daga jirgi bai rufe baki ba, shi ke kafa mana dokar shiru.

Da ya zo kaina na kurɓa. Ciyawa. Ciyawar da aka jiƙa da ruwan ɗumi, ba sukari, ba citta, ba komai. Na ce ko akuyar Maraɗi sai an roƙe ta. Amma Alhajin ya riga ya shirya mini. Ya ce 'yarsa nas ta ce wannan ba ya tayar da ciwon suga, yana kuma taimakon mai hawan jini. To wa ke cikin fadar nan da ba shi da ɗaya daga cikin biyun? Kowannensu likita ya daɗe da hana shi shayina, a ɓoye suke sha, matansu ba su sani ba. Yanzu ga wanda za su sha su koma gida su faɗa da bakinsu.

A hankali abin ya fara. Wannan ya ce na farko ya ishe shi. Wancan ya ce a rage masa sukari. Na uku, wanda da ake rububinsa, ya zama ni da tela kaɗai ke sha, shi ma don kunya. Risho ya zama sai na jira Alhajin ya gama da ruwansa. Ni kuwa ban bar shi ya huta ba. In ya shigo sai in miƙe in rusuna har ƙasa in ce, “Barewa na gaisuwa.” Na ɓoye masa maburgi a cikin buhun gero, ya wuni yana nema. Ya rama, ya ce wa mutane butata ba a taɓa wanke cikinta ba tun mulkin soja. Ba ƙarya ya yi ba, amma ba a wanke cikin butar shayi, kowa ya sani.

Ana haka surukin mai shago ya zo daga Damagaram ganin likita. Dattijo ne mai daraja, kuma mai shagon na jin kunyarsa ƙwarai. Ranar Alhamis mai shagon ya same ni ina haɗa kofuna.

“Baba, gobe bayan Juma'a zan kawo shi ya ga shago. Ina so ka huta. Alhaji zai yi masa na Japan.”

“In huta?”

“Irin namu ai yana da shi a gida, Baba. Abin da bai taɓa gani ba nake so ya gani, ya koma ya ba da labari.”

Na ci gaba da haɗa kofunana. Tun da aka kafa fadar nan, baƙo bai taɓa shigowa ya karɓi kofi daga hannun kowa ba sai nawa. Na san in wannan dattijo ya sha daga hannun direba, an gama, buta ta tashi daga hannuna ke nan, hira ta bi ta.

Washegari Alhajin ne ya ɗauki mai shago da baƙon a motarsa daga masallaci, suka tsaya nuna masa gari. Ni na riga su isowa. Gwangwanin na nan a kan kanta inda yake ajiye shi. Tela na zaune yana cin gyaɗa.

Ba ɓarna na yi niyya ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Tunani na yi, kuma har yau ina ganin tunanin ba shi da laifi. Mutanen Japan ba sa dafa kifi, to shayin ma ba sa dafawa, jiƙa shi kawai suke yi. Shi ya sa yake warin ciyawa. In garin nan ya samu wuta sosai, da sukari, da na'ana'a, a hannun wanda ya san aiki, zai zama shayi. Baƙo zai sha na Japan kamar yadda surukinsa ke so, amma daga butata. Kowa ya samu nasa, sai direba.

“Baba, ba naka ba ne fa,” in ji tela da ya ga na buɗe gwangwanin.

“Ci gyaɗarka.”

Ma'aunina na ganye kofi guda ne a buta. Na juye garin a kofi, bai ma cika ba, don haka na zuba duka. Na sa ruwa, na sa sukari da hannu sake, na ɗora a wuta. Ya tafasa, na bar shi ya ci gaba, yadda ake yi wa na farko. Koren nan mai kyau ya fara komawa kalar ruwan kududdufi. Wani wari ya taso, kamar an dafa ganyen rama a tukunyar kifi. Na ƙara na'ana'a. Na leƙa, na ga yana kauri yana fitar da ƙwai-ƙwai kamar kunu. Na ce ƙarfinsa ne ke fitowa.

“Baba, anya?”

“Haka yake yi,” na ce, kamar na taɓa gani.

Ban gwada tsiyayawa ba, da gangan. Ɗaga buta shi ne abin kallo, na ajiye shi don idon baƙo.

Suka shigo. Dattijo dogo, cikin farar shadda mai aiki, sai ƙamshi yake. Aka ba shi kujera mafi kyau, daidai gabana. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Maraɗi, na tambayi na Damagaram. Alhajin ya nufi kanta yana naɗe hannun riga.

“Kada ka wahala,” na ce masa. “An riga an dafa. Ranka ya daɗe, ga shayin Japan, amma na hannun Bahaushe.”

Na jera kofuna a tire. Na ɗaga buta sama, na karkata. Ba abin da ya fito. Garin ya toshe 'yan ramukan bakin butar. Na ƙara ɗagawa, na ƙara karkatawa, ina murmushi. Ɗigo ɗaya ya leƙo ya tsaya. Na ɗan girgiza ta. Sai murfin ya buɗe ya faɗo a tire, abin da ke ciki ya biyo shi gaba ɗaya, ɓat, kamar saniya ta yi kashi daga bisa. Kofuna suka watse. Abin ya fantsama a buhunan shinkafa, da takalmin tela, da gaban farar shaddar nan tun daga wuya har gwiwa.

Alhamdu lillahi rigar mai kauri ce, bai ƙone ba. Dattijon ya dubi ƙirjinsa, ya dubi mai shago. Mai shago kuwa ƙasa yake kallo kamar ya ga ramin shiga.

Alhajin ya ɗauki gwangwaninsa, ya girgiza, ya leƙa ciki.

“Duka?” ya ce. “Ka dafa? Dafawa ka yi?”

“Shayi ne ka ce.”

“Na wata da watanni ne wannan! Tsarabar 'yata! Kai wane irin jahili ne?”

“Jahilin da bai taɓa ba baƙo ɗanyen abu ba.”

“Ka ba shi a riga ai! Tsohon banza mai hassada, tun da na dawo kake ƙullace da ni!”

“Tun kafin ka tafi,” na ce.

Ya yo kaina da maburgi a hannu, tela ya shiga tsakani yana “Haba Alhaji, haba Baba, a gaban baƙo?” Shi kuwa baƙon, don ya kashe wutar, ya ɗauki kofi ɗaya da ɗan abin ya faɗa ciki, ya yi bismilla, ya taɓa a harshe. Na ga gemunsa ya motsa. Ya ajiye kofin a hankali.

“Wannan suke sha kullum?” ya tambaya.

“Ba haka yake ba, ranka ya daɗe,” in ji Alhajin. “Wallahi ba haka yake ba.”

“To, Allah ya ba su haƙuri,” in ji dattijon.

Da jallabiyar aro daga shagon tela ya koma masauki.

Ranar Asabar na zo da wuri, na wanke tire, na goge buhuna. Mai shago ya jira har na gama, sannan ya kira ni gefe, wajen firiji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce matarsa ba ta yi masa magana ba tun jiya. Ya ce yana ganin girmana, kuma lungun nan nawa ne in zauna duk lokacin da na so.

“Amma risho, Baba, a bar wa Alhaji. Butar ka tafi da ita gida.”

“Garinsa ai ya ƙare.”

“'Yarsa ta yi odar wani ta waya. Jibi zai iso.”

Na dubi sauran, ko wani zai ce uffan. Wannan na duba waya, wancan na neman takalminsa. Tela kaɗai ya ce, “Baba, ka riƙa leƙowa.” Na sa butata a leda na fita. Ban yi wa Alhajin sallama ba, shi ma bai ɗago ba.

Ban koma ba. Zaman me zan yi a lungun da wani ke kaɗa tsintsiya yana ce mini in yi shiru?

Yanzu a gida nake dafawa, a Bronx, a kicin. Matata aikin kula da tsofaffi take yi, da yamma take fita. Na farko take sha, a tsaye, jaka a kafaɗa. In na fara labari sai ta faɗi ƙarshensa tana ɗaura takalmi, ta ce in kashe wuta in na gama. Na biyu da na uku ni kaɗai nake sha a bakin taga, ina kallon jirgin ƙasa na wucewa ta saman titi.

Tela na kirana wani lokaci. Shi ya gaya mini hotunan Japan sun ƙare tuni, ba mai tambayar barewa. Labarin da Alhajin ke bayarwa yanzu, wanda duk baƙon da ya shigo sai an ce a ba shi, shi ne na ranar da ɗan Maraɗi ya dafa shayin Japan. Wai har tashi yake yi ya kwaikwayi yadda na ɗaga buta, mutane na riƙe ciki. Wai a bakinsa murfin a cinyar baƙo ya faɗa.

Na ce wa tela ya je ya gaya masa a tire murfin ya faɗa. In zai ci abinci da labarina, ya ba da shi daidai, maƙaryacin banza.